Keken Kakana a Ƙofar Masallaci

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, ga shi Kakana ya riga mu tafiya. Ya cika ranar wata Talata da hantsi a gidanmu na Fagge, kansa a kan cinyar matarsa, kakata, wadda duk gidan muke kira Iya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, an kafa rumfa a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi tun daga bakin zaure har jikin masallacin lungunmu.

Ni aka ba aikin raba ruwa a cikin gida, don haka babu maganar da aka yi a tsakar gidan nan da ta wuce kunnena. Goggo, babbar 'yarsa, ta yi kuka har muryarta ta dishe, tana ta maimaita, "Baba ya huta, Baba ya huta." Dangin Iya sun zo daga Sabon Gari da manyan kuloli, suka zauna kewaye da ita suna magana ƙasa-ƙasa da Yarbanci. Wasu tsofaffin 'yan dako daga kasuwar atamfa suka nemi iso don su gaishe ta. Ɗayansu ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, tare muka yi dako da shi. Ban taɓa ganin ya zaɓi marar nauyi ya bar wa wani mai nauyin ba." Iya ta gyaɗa kai kawai. Tun safe idonta a bushe yake.

Can wajen randa wasu mata biyu da ban sani ba suna sa takalmi za su tafi. Ɗayar, da alama rakiya ta yi, ta tambayi 'yar uwarta, "Wai wane ne ma ya rasu?"

"Tsohon nan mai keke mana. Wanda aka ce yana salla a zaune alhali ƙafarsa ƙalau."

"Ayya. To, Allah dai ya yafe masa."

Sai da na ajiye tiren da ke hannuna don kada ya suɓuce. Mutum ya yi shekaru yana jan salla a lungun nan, ya ciyar, ya aurar, ya kwanta yana cizon matashi don kada jikokinsa su ji nishinsa, amma abin da ya rage masa a bakin mutane ke nan. Wanda ya jawo masa wannan suna kuwa yana zaune a ƙofar gida kan darduma mafi laushi, da farin rawani, yana karɓar gaisuwa. Ƙanin Kakana ne uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce masa Baba Ƙarami. Shi ya ja sallar gawa. An ce har hawaye ya yi.

Masu cewa ta'aziyya ba wurin tone-tone ba ce su yi mini haƙuri. Na yi wa Kakana addu'a, ba kuma zan daina ba. Amma ina so a san wane ne aka binne ranar nan, a kuma san abin da aka yi masa.

Ni da littattafan soyayya na girma, kullum akwai ɗaya a ƙarƙashin matashina. A cikinsu namiji dogo ne, miƙaƙƙe, yana fitowa daga mota ƙamshi na bin sa. Kakana kuwa tun da na yi wayo a ranƙwafe na san shi, kamar mai neman allurar da ta faɗi ƙasa. Idan aka kira shi daga gefe ba ya juya wuya, duk jikinsa yake juyowa, a hankali. Amma duk karatun da na yi ban ci karo da wanda ya kai shi iya son mace ba.

"Amarya" yake ce mini, irin wasan kaka da jika. In ya gan ni da littafi sai ya ce, "Amarya, yau kuma wane mai motar ne ya ƙwace mini ke?"

Ni kuma in ce, "Ango, ai sai ka miƙe tukuna mu ga tsayinka."

Sai ya yi dariya har ya dafe ƙugu. "Bayana ya tafi yajin aiki, ba a gama sasantawa ba."

Bayan nan ba banza ya lalace ba. Mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, ya bar musu gidan nan da ɗan masallacin da ya gina a jikinsa. Kakana ne babba, sai ya shiga kasuwa yana ɗaukar dilar atamfa a ka, daga mota zuwa shago, daga shago zuwa tasha, don ƙaninsa ya zauna gaban malamai ba tare da tunanin abinci ba. Nasa karatun da asuba yake yi kafin ya fita, har ya samu abin da zai ja salla da shi. Ina so a riƙe wannan: duk littafin da Baba Ƙarami ya buɗe a rayuwarsa, a kan wuyan Kakana ya shigo gidan nan.

A wajen dakon ne ya haɗu da Iya. An aike shi da dila wani shago a Sabon Gari, kusa da inda mahaifiyarta ke sayar da amala. Su Iya Yarbawa ne Musulmi, a nan Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa, sai in ranta ya ɓaci Yarbanci ke ƙwace mata. Kakana ya ce yana sauke kayan ta miƙo masa ruwa, ya shanye ya nemi ƙari, ya yi ta neman ƙari har cikinsa ya cika, don dai kada ya tafi.

Iya kan ce, "Ƙarya yake yi. Rowa ce, ba ya so ya sayi abinci."

Da aka yi auren ya yi mata alkawari ɗaya, cewa ba za ta taɓa kewar abincin gidansu ba. Duk Asabar sai ya hau kekensa ya je Sabon Gari ya sayo mata alabo da ganyen ewedu, wato lalo, da daddawar Yarbawa, ya rataye ledar a kan keken. In ya iso ƙofar zaure sai ya kaɗa ƙararrawa. Na sha ganin Iya, da furfurarta da jikokinta, tana jin ƙararrawar nan sai hannunta ya kai ga ɗankwali ta gyara shi. Baba Ƙarami kuwa bai taɓa kiran ta da wani suna ba sai "Bayarabiyar Yaya."

Ciwon a hankali ya ci shi. Da fari ƙugu ne, daga baya ya gangara ƙafafu. In ya tsaya kaɗan sai su yi nauyi, su riƙa yi masa kamar ana tsira allurai, daga nan su mutu. In ya taka daga gida zuwa bakin titi sai ya nemi wurin zama. Duk wani dakali da ke unguwar nan ya san shi, yana ce musu tashoshinsa. "Amarya, tafi ki jira ni a tasha ta gaba." Wuyan ma ya shiga, zafin na sauka ta kafaɗa har yatsu, kofin shayi ya riƙa faɗuwa daga hannunsa, carbi ya riƙa zamewa. An kira wanzami ya yi masa ƙaho har bayansa ya cika da tabo. An shafa man zafi, an sha saiwoyi, duk wanda ya zo dubiya da nasa maganin yake zuwa. In aka sa shi a adaidaita, kowane rami ta faɗa sai ya runtse ido ya kira sunan Allah.

Wata rana ina matsa masa yatsu ya ce, "Kin san abin da ya fi damuna da ciwon nan? Ba ya jini, ba ya kumburi. Ga ni da ƙibata, ga ni da dariyata. Wa zai yarda?"

A masallaci aka fara lura yana gajarta tsayuwa yana tsawaita ruku'u, har samari na tsokanarsa wai Malam ya yi barci a sunkuye. Da ya ga tsayuwar ta gagare shi, shi da kansa ya kama hannun ƙaninsa ya kai shi gaba. Ya ce wanda ba ya iya tsayuwa ba ya jan masu tsayuwa. Babu wanda ya ƙwace masa limanci, shi ya miƙa. Ya sayi farar kujerar roba ya ajiye a ƙarshen sahun farko, a nan yake sallarsa.

Ni na raka shi wani asibiti a Sabon Gari aka yi masa hoton ƙashi. Likitar mace ce, Kirista daga wajen Zariya, mai sanyin murya. Ta ɗaga hoton ta ce, "Baba, a cikin ƙashin bayanka akwai hanya kamar bututu, ta nan jijiyoyi ke bi. Taka ta tsuke, a ƙugu da kuma a wuya. In ka miƙe tsaye sai ta ƙara tsukewa ta matse jijiyoyin. In ka sunkuya ko ka zauna sai ta ɗan buɗe."

Kakana ya juyo gare ni da duk jikinsa. "Kin ji, amarya? Ashe ba barci nake yi a ruku'u ba."

Ta ce da shekarunsa ba ta ba shi shawarar tiyata ba, sai dai ƙwayoyi da gashin ƙashi. Sannan ta tambaya ko akwai abin da yake yi da ba ya jin zafi. Cikin jin kunya ya ce hawa keke.

"To kada ka bari, Baba. A kan keke a sunkuye kake, hanyar a buɗe take, ƙafafunka kuma suna motsi. Ranar da ka ajiye shi, ƙafafun za su fara tafiya su bar ka."

Gaskiya ta faɗa. Mutumin da ba ya iya kai kansa bakin titi, in ya hau keken nan wani ne daban. Na taɓa hango shi daga cikin adaidaita, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya ranƙwafa, yana ratsa tsakanin motocin atamfa iska na kaɗa gemunsa, ledar Iya na lilo a gaba. Ranar na ce a raina, duk masu motocin littattafaina su zo su ga namiji.

Abin da ya tsone wa Baba Ƙarami ido ba ɓoyayye ba ne. Ya samu limanci amma bai samu mutane ba. Da an yi sallama sai jama'a su nufi farar kujerar nan, wannan ya gaisa, wannan ya kawo tambaya, wancan ya kawo rigimarsa da maƙwabci, a bar liman shi kaɗai a gaba yana jan carbi.

Wata Asabar bayan la'asar yana karatun da ya saba yi ta lasifika. Kakana ya dawo daga Sabon Gari ke nan, ya jingine keken a jikin katanga da ledar a rataye, ya shiga ya yi salla ya zauna sauraro. Mu muna tsakar gida, Iya na tankaɗe. Sai muryar ta cika unguwa:

"Sallar farilla a zaune ga wanda zai iya tsayuwa ɓatacciya ce. Amma yau akwai wanda zai tuƙa keke tun daga Fagge har Sabon Gari don mace, in an zo tsayuwa gaban Allah kuma ya nemi kujera. Ku gaya mini, jama'a, wa ya fi girma a zuciyarsa?"

Bai kira suna ba. Keke ɗaya ne a jikin katangar, kujera ɗaya ce a masallacin. Ta cikin lasifikar muka jiyo wani ya yi dariya. Rariyar da ke hannun Iya ta tsaya cak.

Kakana ya same shi daga baya ya gaya masa abin da likita ta ce, da bututun da komai. Baba Ƙarami ya ce, "Yaya, likita ba ta ba da fatawa. Ni kuma hukunci na karanta, ban ambaci kowa ba."

Abin ya zauna a kan mutane, don ido ya fi saurin gamsuwa da abin da ya gani. Sun ga mutum a kan keke, sun gan shi a kan kujera, sai suka haɗa. Masu zuwa gaisuwa wajen kujerar suka ragu. In ya wuce a keke sai a ji wani daga shagon shayi ya ce, "Don mace!" Mata kuma suka ƙara nasu, wai Bayarabiya ta shanye shi. Wannan ce ta karya shi. Ya ture kujerar ya tsaya a sahu don ya rufe bakin mutane, a raka'a ta biyu ƙafafun suka mutu ya faɗi a kan na kusa da shi. Da aka shigo da shi a riƙe, na ji wani a zaure yana cewa, "Ai dole ya faɗi, tunda an yi magana."

Washegari Kakana ya sa Babana ya rataye keken a saman zaure.

Tun da nake ban taɓa ganin su biyun sun yi faɗa ba sai ranar. Iya ta tsaya a kansa ta ce, "Malam, a sauko da keken nan."

"Ya hau ke nan."

"Ni na ce maka ina son amala? Na daina ci. Wallahi ko tuwon dusa ne zan ci. Ka hau don ƙafarka, ka je ko'ina ne, ka je Rijiyar Lemo ka dawo."

"Duk inda na nufa, wajenki za a ce na je. Ni a zage ni, na saba. Ke ce ba zan bari a riƙa yawo da ke a baki ba."

Sai ta ja mayafi ta ce za ta je ta same shi, shi mai lasifikar. Kakana ya jawo kujerarsa ya zauna a bakin ƙofa ya tare hanya. "Muddin ina numfashi ba za ki tsaya gaban ƙanina ki yi faɗa ba. Ni na goya shi."

Ta yi wata doguwar magana da Yarbanci wadda ban fahimta ba, sannan ta cire mayafin ta ce, "To. Muddin kana numfashi."

Ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba, amma ba ta fasa gasa masa baya da tawul da ruwan zafi ba. Sai dai ta ƙara ƙarfin dannawa, har ya riƙa cewa, "Amarya, zo ki cece ni, za a kashe miki miji."

Kamar yadda likita ta faɗa haka aka yi. Daga masallaci ya koma zaure, daga zaure ya koma tsakar gida, daga nan ɗaki. Ƙafafun suka rame. Barci sai a naɗe kamar jariri, da matashi tsakanin gwiwoyi. Duk da haka in sallar layya ta zo, cinyar farko gidan Baba Ƙarami yake sa a kai. Shi kuwa yakan leƙo dubiya ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ya jiki? Sai haƙuri," ya wuce ta ƙarƙashin keken bai ɗaga kai ba.

A kwanakinsa na ƙarshe ya gan ni da littafi ya ce, "Amarya, rabu da masu motar nan. Ki nemi wanda in kin yi magana zai juyo miki da duk jikinsa." Na yi dariya, ban san wasiyya yake ba ni ba. A gabana kuma ya gaya wa Iya cewa ya yafe wa ƙaninsa. Ita kuwa ta gyara masa matashi. Zazzaɓi ne ya ƙarasa shi, kuma na san ajali ba ya jiran keke. Amma shekarun da ya yi yana kallon rufin ɗaki, wani ne ya jawo masa su.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, Baba Ƙarami ya yi sallama ya shigo cikin gida. Al'ada ce, wanda ya san akwai wani abu tsakaninsa da mamaci yakan zo wurin iyalinsa ya nemi a yafe. Ya zaɓi lokacin da mata suka ragu. Iya na cikin ɗaki a bayan labule da kayan takaba, ni ina zaune a bakin ƙofa. Ya tsuguna ya yi ƙasa da murya.

"Hajiya, an yi rashi. Zaman tare ba a rasa saɓani. Ko Yaya ya bar wata magana a kaina?"

Ranar ce farkon da na ji ya ce mata Hajiya.

"Ya bari," in ji Iya. "Ya ce ya yafe maka."

"Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Yaya." Har ya dafa gwiwa zai tashi.

"Zauna, Malam Ƙarami. Nasa ya yafe. Maganar da ka yi mu biyu ne a cikinta. Akwai mai keke, akwai mace. Macen ga ta nan, ba ta mutu ba."

"Haba Hajiya, ai abin ya wuce. To ki yafe mini."

"A ina ka faɗa?"

Kafin ya amsa ta ci gaba.

"Ina tsakar gidan nan ina tankaɗe maganar ta zo ta same ni. Ba a tsugune ka faɗe ta ba, ba a bakin labule ba. Inda ka sa ta, a nan za ka cire ta. Ka gaya wa unguwa cewa yayanka ba maƙaryaci ba ne."

"Ni liman ne, Hajiya. In na yi haka wa zai ƙara bi na salla?"

"Shi ma liman ne."

Ya tashi ya fita bai yi sallama ba. Ni kuwa wani sanyi ya ratsa ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun ranar Asabar ɗin nan.

Da aka zo maganar gado, Iya ta ce a cikin tumuninta a fara sa mata keken da kujerar. Babu wanda ya yi musu, tsohon ƙarfe ne da roba. Ta sa Babana ya sauko da keken, ya wanke, ya sa masa mai da iska, ya jingine shi daidai inda Kakana ya jingine shi ranar, ya ɗaure da sarƙa, ya ajiye kujerar a gefensa. Katangar ta gidanmu ce, babu mai ikon cewa a ɗauke. Amma duk mai shiga masallaci sai ya raɓa ta gefensu, liman kuwa sau biyar a rana. Ranar Asabar ta aike ni Sabon Gari na sayo alabo da ewedu, ta ce in rataye ledar a kan keken, kada in cire sai an idar da la'asar. Da hannuna na rataye, kuma na ji daɗin ratayewar.

Mutane suka fara tambaya. Tsofaffin 'yan dakon nan suka mai da wurin majalisa, duk wanda ya tsaya sai su ba shi labarin wanda ya ɗauki dila da wanda ya yi karatu. Mata in sun shigo gaisuwa ni nake yi musu bayanin bututun, har in sunkuya in miƙe in nuna musu. Wata ta dafe ƙirji ta ce mijinta ma haka yake, yana iya tura baro amma ba ya iya tsayuwa a layi. Masu bin Baba Ƙarami salla suka fara tsayawa suna kallon keken kafin su cire takalmi. Aka wayi gari wani daga shagon shayin nan ya ga liman zai wuce ya ce, "Malam, a gaida mai keke."

Goggo ta zo tana roƙo. "Iya, don Allah a rufa asiri. Ƙanin Baba ne fa."

"Wa ya rufa na ubanki?"

Ana gab da sadakar arba'in, wata la'asar, muka ji an hura lasifika. Muryar Baba Ƙarami ta ce, "Jama'a, akwai wata magana da na taɓa yi a nan a kan yayana..." Sai ɗif, aka ɗauke wuta. Babana da ke sahun farko ya ce liman ya ƙarasa maganar, da sauri, kansa a ƙasa, kamar wanda ɗauke wutar ta zame wa kyauta. Jim kaɗan sai ga shi a bakin labule.

"Hajiya, na faɗa."

"Ban ji ba."

"Wuta aka ɗauke. Ki tambayi ɗanki."

"Waccan ba ɗana ne ya kawo mini ita ba, da ƙafarta ta zo. Wannan ban ji ba."

Na rufe fuskata da mayafi don kada ya ga haƙorana.

Washegari shi da kansa ya sa aka zuba mai a janaretan masallaci. Ta cikin ƙarar injin muryarsa ta fito, ta hau kan rufin gidajen Fagge, ta shiga shagon shayi, ta shigo tsakar gidanmu. Ya ce yayansa mai larura ne ta gaskiya, sallarsa a zaune ingantacciya ce. Ya ce keken magani ne likita ta ba shi. Ya ce matarsa mutuniyar kirki ce, shi ne ya yi musu ƙazafi, kuma hassada ce ta sa shi. Wannan kalmar ta ƙarshe babu wanda ya nema, ita ta fito da kanta.

Da ya sake zuwa bakin labulen Iya ta ce, "Na ji."

"Kin yafe?"

"Na ce na ji. Sauran ka bari in gama takaba."

Sannan ta ce wa Babana ya shigo da keken. Yana turo shi, tayar gaba ta daki dokin ƙofar zaure, ƙararrawar ta kaɗa da kanta. Ina kallon Iya. Hannunta ya kai ga ɗankwali ta gyara shi. Sai ta tsaya da hannun a kai tana kallon ƙofa, babu wanda ya shigo sai ɗanta. A nan ne ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar Talata, ni da Goggo muka riƙe ta.

Allah ka jiƙan Kakana, angona. Ka sa kowace allurar da ta tsira masa a ƙafa ta zama kankarar zunubi, ka yalwata masa kabarinsa yadda babu abin da zai ƙara matse shi, ka tashe shi a miƙe, dogo, in ga tsayin nan da na daɗe ina tsokanarsa a kai.

Kujerar kuwa Iya ta bar mini. Ban shigo da ita ba. Na sa an mai da ita ƙarshen sahun farko, inda liman zai gan ta duk sanda ya juyo bayan sallama. Shi ma yana tsufa.